Na Ruwa ko Na Dutse

Tun kafin in fara, duk wadda yatsanta ke mata ƙaiƙayi ta rubuto min "ki gode wa Allah, wasu ko bakin rafi ba a kai su ba", don girman Allah ta riƙe abinta. Na gode masa, kullum cikin gode masa nake. Ku dai bari in zazzage muku abin da aka yi min yau Alhamis, in na gama sai kowa ta yanke hukuncinta.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: saura sati uku bikina. Wanda zan aura injiniyan gine-gine ne, yana zana wa mutane gida, ya tsaya a kan aikin har ranar da za a miƙa musu makulli. Kowa a gidanmu Injiniya yake ce masa, ni ma na bi sahu. Mutum ne mai tsafta da sanyin murya, irin wanda ko mota ce ta goge shi zai leƙa ya tambayi direban ko bai ji ciwo ba. Ni kuwa gwajin ido nake yi a wani shagon tabarau. Daga safe zuwa yamma aikina ɗaya ne: in zaunar da mutum a kujera, in ɗora masa gilashi, in sauya masa wani, in ce, "Wanne ya fi, na farko ko na biyu?" Ba na amsa wa kowa. Ko na ga amsar ƙarara a na'ura, sai mai ido ya faɗa da bakinsa, tunda shi zai yi yawo da tabarau ɗin a kan hancinsa.

To a gida fa, tun ranar da aka tsayar da lokacin bikin nan, wannan tambayar ba ta taɓa ratsowa ta kaina ba. Labulen ɗakina Umma ce ta zaɓa. Gado da kujeru, Yaya ce, babbar yayarmu, wadda ta haifi uku don haka take ganin ta gama sanin duniya. Rigar liyafa kuwa Gwaggo ce, yayar Baba, ta ɗauki ƙafa har wurin tela ta zaɓo wata ruwan gwal mai duwatsu tun daga wuya har idon sawu, in na sa ta sai na yi nishi kafin in miƙe. Na ce ni shuɗi mai duhu nake so. Gwaggo ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Makoki za mu yi?" Aka yi dariya, aka wuce wurin.

Shi ya sa abin da ya faru ranar Asabar, sati biyu da suka wuce, ya shige ni sosai. Injiniya ya zo da la'asar cikin farar riga mai gajeren hannu, guga kamar ta yanki mutum. Muna zaune a ƙaramin falo, na zuba masa shayi, sai ya ture kofin gefe ya ajiye wasu takardu biyu masu sheƙi a kan teburi, ya daidaita su da yatsa har gefensu ya yi layi ɗaya.

"Likita," ya ce, don haka yake kirana duk da na sha gaya masa ni ba likita ba ce, "wannan naki ne ke kaɗai. Bayan biki za mu tafi hutu na kwana bakwai. Tsibiri biyu na tace miki. Inda kika nuna, can za mu."

"Ni zan zaɓa?"

"Ke."

"Ba Umma, ba Gwaggo?"

Ya yi murmushi. "Da su zan tafi?"

Wallahi sai da idona ya ciko. Ku yi min dariya in kun so. Wanda aka daɗe ba a tambaye shi ba ne kaɗai zai gane.

Bari in kwatanta muku wuraren. Na farko, ɗakunan katako ne aka jera a kan teku, kowanne da ɗan tsaninsa da ke sauka cikin ruwa. Tsakiyar ɗakin gilashi ne, kana kwance kana kallon kifi na wucewa ta ƙarƙashinka. Yashin bakin ruwan fari tas, kwale-kwale ne ke kai mutum, kuma duk tsibirin babu komai sai otal ɗin: ba gari, ba kasuwa, ba maƙwabci. Na biyu tsibiri ne mai duwatsu, da tsohon gari mai ƙananan lunguna, da doguwar hasumiya mai fitila da ke nuna wa jiragen ruwa hanya. Otal ɗin a kan tudu yake, tsohon gidan wani attajiri ne aka gyara, da lambun lemo a tsakar gidan, in ka buɗe taga teku na can ƙasa. Sunayen wuraren sun ƙi zama a bakin Gwaggo, ta gwada sau uku tana cizon harshe, daga nan gidanmu kaf aka koma cewa "na ruwa" da "na dutse".

Eh, gidanmu kaf. Kun zata za a bar ni? Kafin Injiniya ya fita daga layinmu Yaya ta ɗauki hoton takardun ta watsa a guruf ɗin dangi. Cikin awa guda saƙo ya haura ɗari. 'Ya'yan kawu da ko gaisuwa ba ma yi duk sun fito suna jefa ƙuri'a, kowa na ruwa, na ruwa. Gwaggo ta aiko da saƙon murya na minti huɗu, ga kaɗan daga ciki:

"Dutse? A ɗauke ki a jirgin sama, a tsallaka da ke teku, a kai ki kallon dutse? Bayan gidanku babu dutse ne? Ke dai tun kina ƙarama ba ki san abin arziki ba."

Na kashe ƙarar guruf ɗin, na sayi sabon littafin rubutu mai shuɗin bango, na ja layi na raba shafi biyu. Kwana tara na yi a kan abin nan. Lokacin cin abincin rana, abokan aikina na hira, ni ina lungu da waya ina karanta abin da waɗanda suka je suka rubuta. Na duba yanayin ruwan sama a watan. Na duba sauro. Na duba nisan asibiti, na duba irin abincin da ake dafawa, na duba ko akwai inda mace za ta sa ƙafarta a ruwa ba tare da idon mutane a kanta ba. Har wata baiwar Allah da ta je wuraren biyu na nemo, na aika mata tambaya goma sha ɗaya, ta amsa bakwai ta gaji da ni.

Na ruwa yana da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ni da ko a bahon wanka ba na yarda ruwa ya wuce min ƙirji, me zan yi kwana bakwai a kan teku? In kalli kifi, kifi ya kalle ni? Na dutse kuwa, akwai wani hoto da na kasa daina buɗewa: wani siririn lungu, fitilu a jikin bango, wani tsoho da matarsa suna tafe a hankali, ita riƙe da hannun rigarsa. Abin da nake so ke nan. In yi tafiya a ƙasa da mijina a garin da ba wanda ya san 'yar gidan wa ce ni, mu ɓata hanya, mu tambayi mai shago, mu sayi abin da ba mu san sunansa ba mu ci. Tun da muka haɗu da Injiniya ba mu taɓa yin taku ashirin tare ba sai wani ya leƙo.

Ranar Litinin da safe, kafin in buɗe ɗakin gwaji, na rubuta masa:

"Na zaɓa. Na dutse."

Ya karanta nan take. Na ga alamar yana rubutu, ta ɗauke, ta dawo, ta sake ɗaukewa. Can sai ga shi:

"Madalla. Kin tabbata? Kada ki yi gaggawa."

"Kwana tara na yi fa."

"Na sani. Ki ƙara kwana a kai, ba abin da ke korarmu."

Na ɗan ji wani iri, amma na ce halinsa ne, mutumin da ke auna bango sau biyu kafin ya buga ƙusa.

Talata da rana sai ga kiran Yaya, ina tsakiyar goge gilasai.

"Auta, wai na dutsen kika ɗauka? Kin kuwa san matakala ɗari uku da ashirin ce daga bakin ruwa zuwa otal ɗin? Da akwatuna? Ki rufa wa ƙafafunki asiri."

"Akwai motar otal da ke zagayawa ta baya, Yaya. Na karanta."

"To, ni dai na faɗa miki."

Laraba da safe, saƙon muryar Gwaggo: "Ke 'yar nan, ashe wurin naki hawa ne! Matakala ɗari uku da ashirin! Amarya za a kai ko ɗaukar kaya?"

Na tsaya da wayar a hannu. Gwaggon da ta kasa faɗin sunan tsibirin, ita ce yau ta san adadin matakalarsa?

Da yamma ina kicin ina yanka albasa, Umma ta shigo tana gyara ɗaurin ɗankwali, ta buɗe tukunya ta rufe ba tare da ta duba ciki ba. Na san akwai magana.

"Auta, na ce ba, wurin nan da kike so, an ce matakala ɗari uku da..."

"Ashirin, Umma."

"Au, kin sani?"

"Wa ya faɗa miki?"

"Ji na yi ana faɗa." Ta ɗauki cokalin da ba ta buƙata ta fice.

Ruwa ba ya tsami banza. Na share hannuna na koma ɗaki na buɗe littafina, na bi duk abin da na kwafa a kwana tara. Masu yabo da masu kushe, wasu sun ce hawan da tsawo, wasu sun ce da daɗi, amma ko mutum ɗaya bai ƙirga ba. Wa ke zama ya buɗe taswira ya lissafa matakala in ba mai gina ta ba? Biri ya yi kama da mutum, amma na danne zuciyata. Na ce wataƙila damuwa ya yi da ni, ya faɗa wa Yaya a cikin hira, ita kuma bakinta ba shi da murfi.

Yau da safe ya turo saƙo: "Ina wurin aiki har yamma. Ki taimaka ki miƙa fasfonki a ofishin tafiye-tafiye da ke kusa da ku, suna jira." Na ji daɗi ma. Na ce ashe an gama magana, za a kama mana na dutse.

Ƙarfe ɗaya na cire farar rigar aiki, na yafa mayafina ruwan toka a kan doguwar riga baƙa, na taka zuwa ofishin. Ɗan ƙaramin wuri ne mai sanyi, hotunan teku a kowane bango, da wani dogon kwandon ƙarfe a bakin ƙofa cike da takardun talla. Matar da ke bayan teburi tana da dogayen farata ja da tabarau da ya yi mata yawa, tana ta tura shi sama da ɗan yatsa. Ina faɗin sunansa ta miƙe.

"Amaryar Injiniya! Sannu da zuwa, zauna, zauna. Kai, ke kam kin yi dace. Ɗakin ƙarshe a layin, wanda ke kallon faɗuwar rana. Da ƙyar muka same shi."

"Wane ɗaki?"

"Na kan ruwa mana. Zo ki gani."

Ta juyo min da allon kwamfutar. Ga sunansa, ga nawa, ga ɗakin katako da ɗan tsaninsa. Ni aikina duba ƙananan rubutu ne, idona bai tsaya a hoton ba, ya sauka can ƙasa inda aka rubuta ranar da aka kama ɗakin. Sati bakwai da suka wuce. Fiye da wata guda kafin ya zauna a falonmu ya ture kofin shayi ya ce min "wannan naki ne ke kaɗai".

Na ji kunnuwana sun yi ɗumi. Na daure na ce, "Na dutsen fa?"

"Wane na dutse?"

"Mai hasumiya. Mai otal a kan tudu."

Ta ɗan yi tunani, sai ta tuntsire da dariya. "Au, wannan! Ai ranar da ya zo karɓar takardar otal ɗinku ne ya ce in haɗa masa da ta wani wuri, ko wanne ne, in dai ya yi kyau a hoto. Ni na zaro masa ita a can." Ta nuna kwandon bakin ƙofa da jan farcenta.

Jama'a, a kwando. Wurin da na kwana tara ina mafarkinsa, lungun da na haddace, tsohon nan da matarsa, duk daga kwandon bakin ƙofa aka zaro su don a cike teburi. Da hannunta ya faɗa kan takardar wani daji ko wata hamada, da ita za a kawo min.

"Lafiya, amarya? Ko in kawo ruwa?"

"Ki fitar min da wannan shafin a takarda."

Ta fitar, ta miƙo hannu tana jiran fasfo. Na mayar da shi jaka na ja zif, na ce mata sai na dawo.

A bakin titi na kira Yaya. Ko sallama ban yi ba.

"Shi ya ce ki kira ni?"

Ta ce, "To meye a ciki? Cewa ya yi in taimaka in lallaɓa ki. Bawan Allah zai kai ki inda sai a talabijin muke gani, ke kina nan kina neman dutse. Auta, ki kiyayi butulci."

"Kin san ya riga ya kama ɗakin kafin ya tambaye ni?"

"Ko ma yaushe ya kama, ba ke za ki kwana a ciki ba?"

Na kashe wayar kafin in faɗi abin da za a kira min taron dangi a kai. Na aika wa shugabar shagonmu cewa uzuri ya taso min, na tari tasi zuwa inda yake aiki.

Gida ne mai hawa biyu da ba a gama ba, ƙasa duk yashi da guntayen katako, magina na ta kai da kawo. Takalmina mai tsini ya nutse sau biyu kafin in kai ƙofa. Na same shi a babban falon, hular kwano a kansa, tare da masu gidan, wani dattijo da matarsa. Ya jingina tayil biyu a bango, ɗaya ruwan madara, ɗaya ruwan ƙasa mai zane. Bai gan ni ba. Na tsaya a bayan wani ginshiƙi.

"Hajiya, zaɓi naki ne," yake cewa da muryar nan tasa mai sanyi. "Duk wanda kika nuna shi za a shimfiɗa. Sai dai mai zanen nan, in ya yi shekara biyu, datti na maƙalewa a layukansa. Amma yana da kyau."

Matar ta dubi mijinta, ta dubi tayil, ta nuna ruwan madara. Har da 'yar dariyarta ta jin daɗi.

Daga inda nake tsaye ina hango ɗakin da ke bayansu. An rufe wasu kwalaye da tamfol, iska ta ɗage gefe ɗaya. Kwalayen tayil ne, sun kai tsayin mutum, kuma samfurin da aka manna a jikin kowanne ruwan madara ne.

Ya raka su mota ya dawo, sai ya gan ni.

"Likita! Me ya kawo ki cikin siminti? Dubi takalminki."

Na miƙa masa takardar. Ya karanta, ya ninke ta biyu, ya sake ninkewa huɗu, gefe da gefe daidai, ya sa a aljihun gaba.

"Matar nan ta cika surutu," ya ce.

"Abin da za ka ce ke nan?"

"Ki saurare ni. Ɗakunan kan ruwa sai an kama su da wuri, in ba haka ba a rasa. Na san shi za ki so. Kowa shi yake so."

"Ni ba kowa ba ce. Na faɗa maka wanda nake so, ka bi ta bayana ka tura min Yaya da Gwaggo da mahaifiyata da lissafin matakala. Mahaifiyata fa, Injiniya! Ka sa ta shigo kicin tana kame-kame a gabana."

"Ban so ranki ya ɓaci ba."

"To me ya sa ka tambaye ni tun farko? Da ka ce ga inda za mu, wallahi da na bi ka, da na yi murna ma."

Ya cire hular kwanon ya riƙe ta a ƙirji. "Na ga yadda ake yi miki a gida. Ba mai tambayarki komai. Na so ki ji daɗin an tambaye ki."

Nan ne na ji kamar in haɗiye zuciya. Wato ya gani. Ya ga inda ke min ciwo, ya auna shi, ya kawo abin da zai shiga daidai.

"Gwaggo ta fi ka gaskiya," na ce. "Ita ido da ido take danne ni. Ba ta taɓa sa ni sayen littafi in raba shafi biyu a kan abin da an riga an gama ba. Kwana tara kana kallona ina turo maka hotuna, kana cewa 'ya yi kyau, ci gaba da dubawa'. Ni ce abin kallonka?"

"Haba Likita, ba raini ba ne. Haka nake aiki da kowa." Ya nuna tayil ɗin da ke jingine. "Mutane ba sa son a zaɓa musu, kuma in ka sake musu ba za su gama ba har abada. Sai ka ajiye musu biyu, wanda ka riga ka shirya da wani na rakiya. Kowa ya tafi da farin ciki, aiki ya tafi a kan lokaci. Shekara goma sha ɗaya ina yi, ba a taɓa ɗaukar na rakiya ba."

Sai ya yi 'yar dariya, irin ta mai son a sauko a shirya.

"Sai ke. Ke da Hajiyata. Ita kam kullum na rakiyar take ɗauka, kamar tana sane. Ko kalar mota ce, ko gida ne, duk yadda na jera mata sai ta tsallake nawa ta nuna ɗayan. Kin ga halinku ɗaya, shi ya sa jininku ya haɗu."

Yabo yake nufi. Ya zata zan yi dariya in ce to shikenan.

Ni kuwa sai wani abu ya faɗo min a rai. Akwai labarin da yake yawan bayarwa da alfahari, ya ba Baba, ya ba ƙawayena, har abokan aikina sun ji shi: wai kafin ya fara zuwa gidanmu da maganar aure, ya kai wa mahaifiyarsa hotona, ta sa tabarau ta duba, ta ɗora yatsa a kai ta ce, "Wannan ce." Duk lokacin da ya faɗa sai in sunkuyar da kai ina jin daɗi. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa za ta ce "wannan ce" ba.

"Injiniya."

"Na'am."

"Ranar da ka kai wa Hajiya hotona, hoto nawa ka ajiye mata?"

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Wani magini da ke shigowa da bokiti ya dube mu, ya juya da bokitinsa.

"Wannan wace irin tambaya ce?"

"Irin wadda ake amsawa. Nawa?"

Ya dubi ƙasa, ya dubi taga da ba a sa mata gilashi ba. Ya juya hular a hannunsa.

"Biyu," ya ce.

"Ta ɗauki nawa."

"Ta ɗauki naki."

"Kuma Hajiya kullum na rakiya..."

Ban iya ƙarasawa ba. Na tsaya ina jira ya katse ni, ya ce a'a, ya ce a ranar dai an yi sa'a zaɓinsu ya zo ɗaya, ya ce komai. Ko ƙarya ce a lokacin da na karɓa da hannu biyu. Mutumin da bai taɓa rasa amsa a gaban mai gida ko magini ba, sai ya buɗe baki ya rufe.

"Yanzu ba haka ba ne," ya ce daga ƙarshe, a hankali. "Wallahi, Likita, yanzu ba haka ba ne."

Bai ce da ma ba haka ba ne. "Yanzu" ya ce.

Na gyara mayafina, na riƙe jakata da kyau, na bi ta kan katakon da aka shimfiɗa a bakin ƙofa na fita. Yana bayana yana kiran ainihin sunana, da ƙarfi, har magina suka dakata da aiki. Ban waiwaya ba, don ban yarda ya ga fuskata ba.

Ina shiga tasi direban ya dube ni ta madubi ya ce, "Ina za mu, Hajiya?"

Ya jira, ya sake tambaya, sannan ya miƙo min takardar share hawaye ya kashe injin.